Tsakanin Galmi Da Maraɗi: Minti 45 A Sama, Sauran Lissafin A Ƙasa Yake

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan yammacin Kano, wajejen Gwarzo da Kabo da Getso da Garo, ya san yadda yara ke fitowa a guje in sun ji rugugin jirgin sama, su yi ta ɗaga masa hannu har ya ɓace musu. Manya ba sa gudu, amma su ma suna da tasu maganar. Ranar da aka sha wuyar kai maras lafiya asibiti, ko kuwa aka yi rashi a kan hanya, sai ka ji wani dattijo ya nisa ya ce, "Da a ce muna da jirgi irin na Turawan mishan na da, ai da abin bai kai haka ba." Wannan magana daga zuciya mai ciwo take fitowa, don haka bai kamata a amsa ta da dariya ba. Abin da ya dace shi ne a zauna a buga lissafi, a ga abin da ƙaramin jirgi yake iyawa da kuma abin da ya fi ƙarfinsa.

To, Gwarzo ba ta da filin jirgi, Kabo ma haka. Saboda haka in lissafin gaskiya muke so, dole mu nemi wasu ƙananan filaye biyu a ƙasar Hausa waɗanda jirgi ya daɗe yana kai da komo a tsakaninsu, mu koyi lissafin a can, sa'an nan mu dawo da shi gida. Ba sai mun yi nisa ba. Mu tsallaka iyaka kawai zuwa Jamhuriyar Nijar, inda akwai Galmi, akwai Maraɗi.

Galmi gari ne a jihar Tawa, a bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa. Abu biyu ne suka fitar da sunanta. Na farko albasa, wadda har irin da ake shukawa a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma da sunan garin ake kiransa. Na biyu kuwa asibitin da ƙungiyar SIM ta buɗe a shekarar 1950, wanda Dokta Burt Long ya fara aiki a cikinsa. Mutanen Illela da na ƙasar Sakkwato sun san wannan asibiti sarai, gama sun daɗe suna tsallaka iyaka su je neman magani a can. A gefen asibitin akwai filin saukar jirgi. Kada mai karatu ya zaci irin na Kano ne. Fili ne na ƙasa wanda aka share aka daddaɓe, ba ginin hasumiya, ba ɗakin jiran fasinja mai sanyi.

Maraɗi kuma ba baƙuwa ba ce gare mu, ita ce inda sarakunan Katsina na Haɓe suka koma suka zauna bayan jihadi, shi ya sa har yau ake cewa Katsinar Maraɗi. Filin jirginta yana da titin kwalta, amma duk da haka ƙarami ne in an gwada shi da na Kano ko na Yamai. Kudu da garin, tafiyar kilomita 15 ko wajen haka, akwai Danja, inda SIM ta kafa asibitin masu cutar kuturta a 1956, aka kuma ƙara buɗe sashen gyaran mata masu yoyon fitsari a 2012. Ke nan ga asibitoci biyu na ƙungiya ɗaya, likitoci da magunguna da marasa lafiya suna bukatar wucewa daga wannan zuwa wancan. Shekara da shekaru ƙananan jiragen SIM da ke da mazauni a Yamai sun yi wannan aiki.

Yanzu ga lissafin. Masu taswira sun raba duniya da layuka, kowane digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kilomita 111 ne. Galmi tana arewa da Maraɗi da kusan rabin digiri, wato kilomita 50 da 'yan kai. Tana kuma yamma da ita da kusan digiri ɗaya da rabi, wanda a wannan yanki ya kama kilomita 155 zuwa 160. In ka ja zare miƙe daga wannan fili zuwa wancan, za ka sami kimanin kilomita 165, ko mil 100 da ɗoriya ga waɗanda suka saba da tsohon lissafi. Wannan shi ne nisan sama, tafiyar shaho ke nan, wanda ba ruwansa da kwana ko gada. Mota kuwa sai ta bi ta Madawa, ta gangara Gidan Rumji, ta ratsa Tsibiri kafin ta shiga Maraɗi, kimanin kilomita 200, tafiyar awa uku ko huɗu gwargwadon lafiyar motar da ta hanyar da yawan shingayen da aka tarar.

Ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya, irin ƙirar Cessna mai ɗaukar mutum huɗu zuwa shida, yakan yi gudun da ya kai kilomita 220 zuwa 250 a awa. Mu ɗauki 220 don kada mu yi masa zaton abin da ya fi ƙarfinsa. Raba 165 da 220, ka sami kashi uku cikin huɗu na awa. Minti 45 ke nan. Wanda ya bar Galmi da ƙarfe takwas, kafin tara ta buga yana kallon rufin gidajen Maraɗi.

In aka tsaya nan, magana ta ƙare, dattijon nan ya yi gaskiya. Amma matuƙan jirgi ba sa tsayawa nan, domin sun san minti 45 ɗin nan lissafin takarda ne, na ranar da iska ta kwanta, sama ta yi garau, kowa kuma ya zo a kan lokaci. Irin wannan rana ba kullum ake samunta ba.

Mu fara da iska. Jirgi a cikin iska yake iyo kamar yadda kwalekwale ke iyo a cikin kogi. In iskar tana tafiya, da shi take tafiya. Lokacin hunturu iskarmu daga arewa maso gabas take busowa, wanda ya tashi daga Galmi zuwa Maraɗi kuwa gabas ya fuskanta, don haka tana dukansa a goshi. A ce ƙarfin da take tare shi da shi ya kai kilomita 40 a awa. Gudunsa a kan ƙasa ya koma 180, tafiyar ta zama minti 55. A dawowa iskar tana tura shi, gudun ya zama 260, tafiyar ta zama minti 38. Haɗa su biyu ka gani, minti 93 ne, alhali da ba iska minti 90 ne. Wato abin da iska ta ƙwace a zuwa ba ta mayar da shi duka a dawowa, domin jirgin ya fi daɗewa a cikin wahalar fiye da yadda ya daɗe a cikin sauƙin. Minti uku ba wani abu ba ne a gajeriyar tafiya irin wannan, amma a doguwar tafiya man da aka auna daidai wa daida yana iya ƙarewa a kansa. Shi ya sa doka ta tilasta wa matuƙi ya riƙe man da zai ishe shi ƙarin rabin awa ko fiye bayan ya isa inda za shi.

Sai hazo, wanda shi ne babban abokin gabar ƙaramin jirgi a ƙasarmu. Ƙurar nan da ke rufe mana rana daga Nuwamba zuwa Maris, mai fasa leɓe da dugadugai, yawancinta daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, ana ce masa Bodele, inda a zamanin da can tafki ne ya ƙafe ya bar gari mai laushi kamar toka. Babban jirgi mai sauka Kano yana da na'urorin da ke jagorantarsa daga ƙasa ko da matuƙin bai ga titi ba sai ya matso kusa. Filin ƙauye ba shi da ko ɗaya. Da ido ake nemansa, da ido ake sauka. Ƙa'idar tashi da ido kuwa ita ce matuƙi ya iya hangen kimanin kilomita 5 a gabansa, alhali in hazo ya yi kauri ko kilomita ɗaya ba a gani. A irin wannan rana nisan Galmi da Maraɗi yana nan yadda yake, kilomita 165, amma lokacin tafiya ya tashi daga minti 45 ya koma kwana ɗaya, ko biyu, ko sai ranar da gari ya washe. Motar haya da aka raina kuwa ta kunna fitila ta lallaɓa ta isa tun jiya.

Bazara ma da nata. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike ba ya samun abin da zai dafa sosai, inji ma ƙarfinsa yana raguwa. A watan Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 a Galmi, jirgin da ya tashi da mutum biyar da asuba yana iya kasa tashi da su da azahar a kan wannan filin dai. Don haka ne ake auna kowane fasinja a kan sikeli, a auna jakarsa, a rubuta. Ba wulaƙanci ba ne. Wanda ya saba da tashar mota, inda ake cewa a matsa kaɗan akwai wurin mutum ɗaya, a ɗora buhun albasa a kan but, sai ya ga kamar rowa ce. A jirgi ba a yin wannan alfarma, ko ga wa. In nauyi ya wuce, ko dai kaya su sauka, ko mutum ya sauka, ko a rage mai, shi kuwa mai ba a cika taɓa shi ba.

Da damina kuma hadari ne. Hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa, sau da yawa da la'asar, ya jeru kamar bango. Ƙaramin jirgi ba ya ratsa shi, sai dai ya kewaye ko ya jira. In ruwan ya sauka kuma filin ƙasa ya jiƙe, dole a bari ya tsane. Ga dare, gama filin da ba fitilu ana rufe shi ne da faɗuwar rana. Mace kuwa ba ta zaɓen lokacin naƙuda, maciji ma ba ya duba agogo kafin ya sari mutum.

Akwai kuma wasu mintoci da ba a rubuta su a kan taswira. Kafin a tashi matuƙi zai zagaya jirginsa ya duba mai da tayu da fikafikai, ya ɗura mai in da bukata, ya sanar da hukuma hanyar da zai bi, ya tayar da inji ya bar shi ya ɗumama. In ya iso filin ƙauye ba ya faɗawa kai tsaye, sai ya yi shawagi ya leƙa, ko akuya ta shiga, ko jaki, ko yara masu ƙwallo, ya kuma duba inda iska ta nufa. In ya sauka Maraɗi, ai ba a iso ba tukuna, sauran kilomita 15 na mota zuwa Danja. In ka tara waɗannan duka, daga ƙofar asibitin Galmi zuwa ƙofar asibitin Danja, minti 45 ya zama kusan awa biyu. Har yanzu jirgi ne a gaba, amma tazarar da ya ba mota ta ragu ƙwarai. Wannan ma in jirgin yana Galmi ke nan. In daga Yamai za a kira shi, sai a ƙara wata tafiyar a kai.

Tafiyar Yamai ɗin ita ce inda jirgi ke nuna amfaninsa na sosai. Daga Yamai zuwa Galmi a sama kimanin kilomita 380 ne, ƙasa da awa biyu. A mota kuwa sai an bi ta Doso da Dogon Dutse da Birnin Ƙonni, kusan kilomita 500, wuni guda cur, a iso a gajiye liƙis. Likitan tiyata da aka ɗauko da safe a jirgi yana iya shiga ɗakin aiki kafin azahar. Jini da allurai masu son sanyi suna isowa ba su lalace ba. A nan ba gardama. Abin lura shi ne, shirye-shiryen ƙasa ba sa canzawa, ko tafiyar ta kilomita 30 ce ko ta 400, awa gudan nan ta shiri sai an biya ta. In tafiya ta yi tsawo, awar takan ɓace a cikin ribar da aka samu. In ta yi gajarta, awar ta cinye ribar duka.

Wannan ne dalilin da ya sa mishan suka rungumi jirgi tun farko. Bayan yaƙin duniya na biyu an sami matasa da yawa da suka koyi tuƙin jirgi a soja, waɗansunsu suka kafa ƙungiyar MAF a 1945 don yi wa masu aikin bishara hidima. SIM ma ta sami nata jiragen, Jos ce mazauninsu shekaru da yawa. A wancan zamani tashoshinta sun warwatsu daga ƙasar Nufe har Damagaram, inda ta shiga tun 1924, hanyoyi kuwa na burji ne, da damina wasu sukan yanke ɗungum. Tafiyar da ke cin kwana biyu ko uku jirgi ya mai da ita ta safiya ɗaya. Tashoshin ƙasar Kano kuwa, irin su Kabo da Tofa da Roni, suna da wata gata da Galmi ba ta da ita, wato kusanci da birni mai jirgin ƙasa da asibitoci da babban filin jirgi. Kano ta ga jirgin sama tun ranar 1 ga Nuwamba 1925, sa'ad da jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka a filin sukuwa, kuma tun 1936 jiragen fasinja ke sauka a can.

To, mu dawo gida da lissafinmu. Tsakanin Gwarzo da Kabo a miƙe bai kai kilomita 30 ba. A ce yau an share fili a nan, an share a can. Jirgin nan namu mai gudun 220 zai yi tafiyar cikin minti 7 ko 8, wato kafin ya gama hawa lokacin sauka ya yi. Amma kafin matuƙi ya gama zagaya jirginsa yana duba tayu, mai babur ya ɗauki fasinja ya yi rabin hanya. Mu bar Kabo, mu ce Kano za a kai maras lafiya daga Gwarzo, asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. A sama kimanin kilomita 65 ne zuwa filin jirgin Kano, minti 20. Sai dai jirgin ba a Gwarzo yake kwana ba. A kira shi, a shirya shi, ya zo, minti 20. A sa maras lafiya, ya koma, wani minti 20. A sauke shi a filin jirgi, a nemi motar da za ta ratsa cunkoson birni da shi zuwa asibiti. Motar da ta tashi daga Gwarzo tun lokacin da aka buga waya, ta bi ta Garo da Rimin Gado da Janguza, kilomita 70 ko wajen haka, ta riga ta wuce Kabuga. Ban ma kawo maganar kuɗi ba, gama kuɗin awa ɗaya ta jirgi, in aka haɗa mai da gyara da albashin matuƙi, ba abin da baikon ƙaramar ikkilisiya zai ɗauka ba ne.

Wani zai ce, to, a kai shi Galmi mana tun da can akwai fili a ƙofar asibiti. Daga Gwarzo zuwa Galmi a miƙe kimanin kilomita 335 ne, awa ɗaya da rabi. Amma akwai iyaka a tsakani, ita kuwa iyaka har sama ta kai. Jirgin da zai bar Nijeriya dole ya tashi daga filin da ke da jami'an kwastan da na shige da fice, ya sauka a irinsa a Nijar, da izinin da aka nema tun kafin ranar, sa'an nan ya wuce ƙaramin fili. Wato mutumin Gwarzo sai ya fara yin gabas zuwa Kano, alhali Galmi tana arewa maso yamma. Mun kuma ga yadda iyakar kan rufe. An rufe ta ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, har da hana jirage wucewa, sai a farkon 2024 aka sassauta. A irin waɗannan watanni taswira ba ta canza ba, amma Maraɗi ta fi Ikko nisa daga Kano.

Kada a ɗauka cewa gajeriyar tafiyar jirgi ba ta da amfani ko'ina. A arewacin Sikotland akwai tsibirai biyu, Westray da Papa Westray, nisan filayensu bai kai kilomita 3 ba, kamfanin Loganair kuwa yana jigila tsakaninsu tun 1967. Tafiyar minti ɗaya da rabi ce, an ma taɓa yin ta cikin daƙiƙa 53 da iska ta taimaka. Ita ce mafi gajarta a duniya cikin tafiye-tafiyen fasinja na yau da kullum. Me ya sa suke yi? Domin teku ne a tsakani, mai sanyi da haukan igiyar ruwa. Tsakanin Gwarzo da Kabo kuwa gonakin dawa ne da masara.

Labarin da ya fi kama da namu shi ne na Ostireliya. Wani fasto na ikkilisiyar Firesbiteriyan, John Flynn, ya ga yadda makiyaya da masu haƙar ma'adinai ke mutuwa a dajin ƙasar saboda likita yana nesa da su da ɗaruruwan mil, ya yi ta fafutuka har aka fara aikin likita mai zuwa a jirgi a 1928, daga wani gari Cloncurry. Amma nan da nan aka gane jirgin kaɗai bai isa ba, gama mutumin da ke daji ba shi da hanyar da zai sanar cewa yana ciwo. Sai da wani injiniya, Alfred Traeger, ya ƙera rediyon da ake ba wuta ta hanyar taka feda kamar keke, aka rarraba a gidajen daji daga 1929, sa'an nan aikin ya tsaya da ƙafafunsa. Wato ko a can, inda nisa ne ainihin matsalar, babban jinkirin ba a sama yake ba, yana wajen isar da saƙo.

Mu kuwa saƙo ba ya ba mu wuya yanzu, kusan kowane gida da waya. Namu jinkirin wani iri ne. Masu binciken mutuwar mata wajen haihuwa sun kasa shi uku: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Jirgi, ko da muna da shi, na tsakiyar kaɗai yake taɓawa, shi ma wani yanki nasa. Duk wanda ya taɓa zama a gidan da naƙuda ta yi gardama ya san inda awowin ke tafiya. A jira maigida ya dawo daga kasuwa don ya ba da izini. A gwada jiƙo tukuna. A aika gidan mai mota, a tarar ba mai a tanki, ko yana tsoron hanya da dare. A bi gida gida ana haɗa kuɗin mota da na kati. Daga ƙauye zuwa bakin titi, kilomita 8 ko 10 na yashi da zaizayar ruwa, a kan babur ko amalanke. Kafin a ga kwalta an ci awa huɗu, tafiyar kwaltar kuwa ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba. Likitoci sun ce matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin awa biyu in ba a tsayar da shi ba. Wadda ɗa ya tokare mata kwana biyu ko uku, in ta rayu, ita ce ake kaiwa Danja ko Babbar Ruga ta Katsina a yi mata gyaran yoyon fitsari.

An taɓa gwada maganin wannan a jihohin Arewa da dama, inda aka haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta NURTW. Aka horar da direbobin haya na ƙauyuka, aka ba da lambobin wayarsu ga unguwanni, da yarjejeniyar cewa in an kira su don mace mai naƙuda za su fito ko tsakar dare ne, ba tare da tsuga kuɗi ba. Ladan da ake ba direban da ya yi haka a tasha shi ne a bar shi ya yi lodi ba tare da bin layi ba. Dabara ce mai arha, kuma ba abin da zai hana wata unguwa, ko zumuntar mata, ko dattawan wata majami'a su yi irin tata: a san direba biyu ko uku da sunansu, a ajiye galan ɗin mai da ba a taɓawa, a ware ɗan kuɗi a hannun amintacce, maigida kuma ya bar izini tun ciki yana wata bakwai cewa in abu ya taso kada a jira shi. Maƙwabcinmu Musulmi ma matsalarsa ke nan, hanyar ɗaya ce, motar ma ɗaya ce, don haka ba abin da za a yi a ware ba ne.

Akwai dai wani irin jirgi da lissafinsa ya fita dabam, shi ne maras matuƙi. Kamfanin Zipline ya fara aika jini da magunguna da irinsa a Ruwanda a 2016, ya kuma fara a jihar Kaduna a 2022 daga wata cibiya a Pambeguwa. Ɗan ƙarami ne, gudunsa wajen kilomita 100 a awa, yana kaiwa nisan kilomita 80 ya dawo. Ba ya bukatar fili a inda za shi, domin ba ya sauka, sakin ƙunshin yake yi da 'yar lema ya juya. Shirinsa na 'yan mintoci ne. Da irinsa zai tashi daga Kano, jakar jini za ta faɗo a harabar asibitin Gwarzo cikin minti 40, Kabo kuwa cikin rabin awa. Sai dai nauyin da yake ɗauka bai kai kilo biyu ba. Matar da za a ƙara wa jinin, ita dai sai an kawo ta ta ƙasa.